Yadda Ake Cin Gwajin Zamiya Na 'Yan Sintirin Dusar Ƙanƙara A Amurka

A farkon shekarar 1936, wani dillalin inshora mai suna Charles Minot Dole, wanda abokansa ke kira Minnie, ya faɗi ya karye a idon sawu yana wasan zamiya a dutsen Mansfield, kusa da garin Stowe a jihar Vermont. Ya daɗe kwance cikin sanyi, daga ƙarshe a kan fallen kwanon rufi aka jawo shi zuwa ƙasa. Ba a jima ba abokinsa Frank Edson, wanda suke tare a ranar, ya yi karo da bishiya a wata gasar tsere, ya rasu. Abin ya tsaya wa Dole a rai, har a 1938 ya kafa ƙungiyar 'yan sintirin da ke ceton masu zamiya a dusar ƙanƙara, National Ski Patrol, wato NSP, wadda majalisar dokokin Amurka ta ba takardar amincewa a 1980. Hedikwatarta tana Lakewood a jihar Kolorado.

Na fara da wannan labari ne domin fallen kwanon nan shi ne asalin gwajin gaba ɗaya. A yau ya zama tobogan, amalanke marar ƙafa da ake kwantar da wanda ya ji rauni a ciki a sauko da shi daga dutse. Duk abin da alƙalai za su nema a ƙafarka, saboda amalanken nan suke nemansa. Tambayar da ke ransu ita ce: idan aka ɗaure mutum mai karaya a bayanka, a gangara mai tsauri, kan ƙanƙara mai santsi, za ka kai shi ƙasa ba tare da ka ƙara masa ciwo ba?

Ni da girmana na koyi zamiya, bayan na zo ƙasar nan, kuma na san akwai 'yan'uwa da ke zaune a jihohin sanyi da Kanada da Turai, waɗanda su ko 'ya'yansu ke sha'awar jar rigar 'yan sintiri mai farin gicciye. Don su na rubuta wannan. Kalmomi biyu kafin mu shiga: siki su ne dogayen katakai biyu, ɗaya a kowace ƙafa, sinobod kuwa allo ne guda da ake ɗaure ƙafa biyu a kai.

Ka fara sanin tsanin da za ka hau

Ana shiga ne a matsayin ɗan koyo. Mai shekara 15 ma zai iya, akwai shirin matasa na musamman. Karatu biyu ne a gabanka. Na farko shi ne OEC, taimakon gaggawa a waje: karaya, zubar jini, raunin kai da kashin baya, daskarewar jiki, haɗe da shaidar farfaɗo da zuciya da numfashi. Na biyu shi ne OET, wato zamiya da jan amalanke, kuma shi ne maganarmu a nan. Wanda ya ci na farko kaɗai zai iya zama ɗan sintiri ya yi aiki a ɗakin jinya a gindin dutse, amma ba za a ba shi amalanke da mutum a ciki ba sai ya ci na biyu. A sama akwai matakin Senior, sannan Certified, wanda shi ne ƙololuwa.

Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe: NSP tana tsara karatu, amma masu wurin wasan ne ke da maganar ƙarshe a kan wanda zai yi sintiri a dutsensu. Ƙa'idar kuwa ita ce ka iya sauka lafiya a kowace hanya da wurin ya buɗe wa jama'a. A Amurka hanyoyi suna da alama: koren da'ira ga masu koyo, shuɗin murabba'i ga matsakaita, baƙin lu'ulu'u ga gwanaye, baƙin lu'ulu'u biyu ga mafi tsauri. Alamar nan gwargwadon dutsen take, don haka baƙin lu'ulu'un ƙaramin tudu a Michigan ba ɗaya yake da na manyan duwatsun Kolorado ko Utah ba. Je ka dutsen da kake so, ka nemi shugaban 'yan sintiri, ka tambaye shi wace hanya suke yin gwaji a kai. A can za ka yi atisaye.

Ranar da za su fara kallonka

Wurare da yawa suna ware rana a ƙarshen lokacin sanyi, wajen Fabrairu ko Maris, su gayyaci masu sha'awa su yi zamiya tare da su. Ba su sa ran ka san amalanke a ranar. Suna duba ko kana da tushen da za a yi gini a kai. Za a ce ka yi dogayen juyi, matsakaita, da gajeru a hanyar da mota ta daddale. Daga nan a kai ka inda ba a daddale ba, dusar da ƙafafu suka yamutsa, da kuma wurin tuddai, waɗanda suke jere kamar tudun da manomi ke yi wa doya, sai dai su a daskare suke.

Kuskuren da matasa suka fi yi a ranar shi ne gudu. Mutum yana so a san shi gwani ne, sai ya sake jiki ya riga kowa isa ƙasa. Alƙalin da ke tsaye a gefe kuwa yana duba ko saurinka na farkon gangara shi ne na ƙarshenta, ko juyinka na hagu ya yi daidai da na dama, ko ka ɗaga kai ka duba sama kafin ka shiga hanya. Suna kuma lura da yadda kake karɓar gyara. In aka ce ka sake, ka sake ba tare da dogon bayani ba.

Ma'aunin da suke amfani da shi daga ƙungiyar malaman zamiya ta Amurka, PSIA, ya fito. In an taƙaita shi: nauyinka ya zauna a tsakiyar ƙafa, kada ya koma dunduniya, ƙafar waje, wato ta ɓangaren gangara, ita ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ƙafafu ne ke juyawa, ƙirji yana kallon gangara, gwiwa da idon sawu ne ke sarrafa kaifin ƙarfen da ke gefen siki, kuma jiki yana lanƙwasawa ya shanye tudu da kwari. Wanda ke zama a baya kamar mai shirin hawa kujera, nan take za a gane shi, domin da zarar an sa masa nauyi a baya amalanken ne zai riƙa tuƙa shi.

Zamiyar gefe, inda ake ci ko a faɗi

In da zan ba ka shawara guda, ita ce ka kashe rabin lokacin atisayenka a kan zamiyar gefe. Ba ta da armashi, babu mai ɗaukar ta bidiyo, amma a kanta ake sauko da mai rauni daga duk wata gangara mai tsauri.

Kafin komai ka gane layin gangara. Shi ne hanyar da ruwa zai bi da za a kwarara shi daga inda kake tsaye. Ba kullum yake bin tsakiyar hanya ba, wani lokacin yana karkata zuwa bishiyoyi, kuma dole idonka ya saba gano shi.

Tsaya a gicciye da layin nan, siki biyu a jere, tazararsu kamar faɗin ƙugunka, na sama ya ɗan wuce gaba. Nauyi a ƙafar ƙasa. Ƙirji da ido su fuskanci gangara, hannaye a gaba. Yanzu saki kaifi: mirgina idon sawu da gwiwa kaɗan zuwa ƙasa, za ka ji katakan sun fara sulalewa. Mayar da gwiwa wajen dutse, za ka tsaya. Aikin ke nan, amma abin da ake so shi ne ka sauka miƙe a kan layin gangara da sauri ɗaya, babu fizga, babu tsaye-tsaye, ba ka zarce gaba ba, ba ka koma baya ba. Zana layi biyu a dusa da sandarka, tazararsu ta ɗan fi tsawon sikinka, ka sauka a tsakaninsu. In ka taka layi, hau ka sake.

Kowa yana da ɓangaren da ya fi ƙarfi. Ni na hagu ne ya hana ni ci a karon farko. Ina fuskantar dama komai lafiya, ina juyawa hagu sai kafaɗata ta bi ƙafata, wutsiyar siki ta riƙa zamewa. Malaminmu ya sa na yi sati uku ba na komai sai ɓangaren nan, kuma na gode masa, domin ranar da na fara ɗaukar mutum na gaske a hagu wurin ya tilasta mini tsayawa. Ka nemo ɓangarenka mai rauni tun yanzu, ka ba shi kashi biyu cikin uku na lokacin.

Daga nan sai faɗuwar ganye. Kana cikin zamiyar gefe, ka danna ƙaurinka a harshen takalmi, bakin siki zai sunkuya ka tafi gaba a karkace. Ka mayar da nauyi baya kaɗan, wutsiya za ta sunkuya ka koma da baya. Haka za ka riƙa lilo, gaba da baya, kana sauka. Da wannan ake kauce wa dutse ko faci na ƙanƙara ba tare da an juya amalanke ba, da shi kuma ake ture tulin dusar da ke taruwa a ƙarƙashin ƙafa idan ta yi laushi.

Na uku shi ne sauya fuska. Kana zamiyar gefe kana kallon dama, ka shimfiɗa katakan, ka murza ƙafafu a ƙarƙashin jikinka har su koma kallon hagu, ba tare da ka fita daga layukan nan biyu ba. Ba juyi ne mai zagaye ba, murzawa ce a wuri ɗaya kana tafiya. Dalilinsa a fili yake: a tsakanin hannayen amalanke babu filin zagaye, kuma idan jikinka ya yi gefe, amalanken zai bi ka, wutsiyarsa ta yi wurgi da mai rauni. Akwai mai sauƙi da ake bi ta garma, wato a haɗa bakin siki a buɗe wutsiya, sannan a rufe a ɗaya ɓangaren, kuma da shi ake farawa.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Garma, wato haɗa bakin siki a buɗe wutsiya, tana aiki a wuri mai sauƙin gangara, amma kada ka dogara da ita a wuri mai tsauri, cinya za ta gaji kuma ba za ta riƙe nauyi ba. Tsayawar gaggawa: kana sauka miƙe, alƙali ya daka tsawa, ka murza ƙafa ka kafa kaifi ka tsaya cak, ta kowane ɓangare. Juyin tsaye, inda kake ɗaga siki ɗaya ka juya shi sannan ɗayan ya biyo, a gangarar da ba ta da wurin motsi. Sai hawa: takun gefe, takun ƙashin kifi, wato hawa kana fuskantar tudu da bakin siki a buɗe, da tura kai a fili, domin wata rana mai rauni yana sama da kai ne, ko kuwa sai ka ja amalanke a shimfiɗaɗɗen wuri.

Duk waɗannan ka yi su ba sanda. Ajiye sandunan a ƙasa, ka miƙa hannu gaba kamar kana riƙe da wani abu a daidai ƙugu. Idan kana jan amalanke ba ka da sanda, kuma mutane da yawa sai sun ajiye ta suke gane ashe da ita suke tsayuwa.

Masu allo guda

Mai sinobod yana cin gwajin nan kamar kowa, kuma a zamiyar gefe ma yakan fi mai siki ƙarfin birki, tunda kaifinsa ɗaya ne kuma duk nauyinsa a kai yake. Sai dai akwai wurare uku a Amurka da har yanzu ba sa barin sinobod: Alta da Deer Valley a Utah, da Mad River Glen a Vermont. In can ka nufa, siki ne kawai.

Abin da za a nema a wurinka: zamiya a kan dunduniya kana kallon ƙasa, da zamiya a kan yatsu kana kallon dutse, kowanne a miƙe kuma da sauri ɗaya; faɗuwar ganye a duka biyun; sauyawa daga dunduniya zuwa yatsu a cikin ƙunci; da tafiya da ƙafar da ba ka saba sa wa a gaba ba. Wannan na ƙarshe shi ne yake kayar da mutane. Wanda ya shekara goma da ƙafar hagu a gaba, ranar da aka ce ya sa dama sai ya koma ɗan koyo. Fara shi a koren hanya, kada ka ji kunya. Matsala ta biyu ita ce fili. Mai siki zai tura kansa, kai kuwa sai ka kwance ƙafar baya. Don haka ka san dutsenka sarai, ka san inda za ka adana ɗan sauri kafin ka iso shimfiɗa, ka kuma saba da kwancewa da ɗaurewa da safar hannu mai kauri.

Amalanke babu kowa a ciki

Ka san kayan aikinka tukuna. Irin da aka fi gani a Amurka, kamar na kamfanin Cascade, yana da dogayen hannaye biyu a gaba da makullinsu, sarƙar birki a ƙarƙashin hanci, wasu ƙarafa kamar wuƙa a ƙarƙashin wutsiya da ke hana shi zamewa gefe, da igiya a baya. A ciki akwai ƙunshin barguna da katakan ɗaurin karaya. A Turai za ka ga irin da ake kira akja, mai hannaye gaba da baya, mutum biyu ke riƙe shi. Duk lokacin da za ka ɗauka, duba waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kuma a ranar gwaji ka yi dubawar a fili yadda alƙali zai gani.

Amalanken da ba kowa ba shi da nauyi, shi ya sa yake tsalle yana wutsil-wutsil. Riƙe hannayen sako-sako a daidai ƙugu, ka bi gefen hanya, ka yi gajerun juyi yadda ƙafarka ce ke kai da komo amma amalanken yana bin layin gangara. Ka yi sauri gwargwado, tunda ana jiranka, amma ba saurin da zai sa ku zama marasa lafiya biyu ba.

Isowa wurin hatsari yana da ladabinsa. Za ka ga an kafa siki a gicciye a sama don gargaɗin masu saukowa. Kada ka taɓa tsayawa kai tsaye a saman mai rauni, domin in ƙafarka ta zame a kansa za ka sauka. Tsaya a gefe, ka tambayi ɗan sintirin da ke kula da shi inda yake so a ajiye da kuma ta ina kai zai kasance. Abin da aka saba shi ne ɓangaren raunin ya kasance ta sama, amma mai jinya ne ke yanke wannan. Ka gicciye amalanken, ka saki sarƙa, ka kafe shi, kuma kada a bar shi ba mai riƙe da shi ko da na ƙiftawar ido.

Da mutum a ciki

Nan ne komai ke sauyawa. Babban mutum da barguna da amalanken kansa sun haura kilo 100 cikin sauƙi, kuma duk nauyin nan yana so ya bi ta kanka ya wuce. Kulle hannayen, ka tabbatar sun kullu. Duba ɗaurin mai rauni. Gaya masa sunanka da abin da zai ji, domin yana kwance yana kallon sama, bai san inda ake kai shi ba. Ka tambayi mai igiyar baya ko ya shirya, ka jira amsa, ka duba sama, sannan ka motsa.

Zaɓi layin gangara ka zauna a kai. Yawan ratsa hanya yana jefa ku gaban masu saukowa, kuma a ratse ne wutsiya ke son zamewa. A wuri mai tsauri ko santsi, saki sarƙa tun kafin ka shiga, kada ka bari sai ka ji abin ya fi ƙarfinka. Sarƙar tana aiki da hannunka: ka danna hannaye ƙasa, ta ciji ƙanƙara amalanke ya rage gudu, ka ɗaga kaɗan, ta saki. Idan dole ka ratsa, ɗaga hannaye kaɗan yana mayar da nauyi kan ƙarafan wutsiya su kama. Wanda ya ƙware yana wasa da wannan a hankali yadda na kwance ba zai ji komai ba. Shi ya sa nake gaya wa 'yan'uwa mata kada girman amalanken ya tsorata su. Na ga mata marasa jiki suna sauko da ƙattin maza cikin natsuwa fiye da samari masu ƙwanji, domin sarƙa da kaifi ne ke aikin.

A lokacin koyo za a sa ka kwanta a ciki wani ya ja ka. Kada ka guje wa wannan. Sai ka kwanta za ka san yadda ƙaramar fizga ke ratsa kashin baya, da yadda dusar da mai ja ke watsowa take sauka a fuska. Bayan ranar ba za ka ƙara jan amalanke kamar da ba.

Alƙali yana duba sauri ɗaya daga sama har ƙasa, sauya fuska ba tare da amalanke ya karkace ba, ido a gaba, magana da abokin aiki, da tsayawa nan take in an ce a tsaya. Abin da ke kayar da mutum kai tsaye shi ne sakin hannu, faɗuwa, ko amalanke ya ƙwace.

Igiyar baya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai igiya shi ne birki na biyu, kuma shi ke hana wutsiya zamewa. Mutane suna raina wannan matsayi, alhali ya fi na gaba wuyar koyo, tunda kai ba ka zaɓi hanya ba, bi kake yi.

Riƙe igiya da hannu biyu a gabanka, tsakanin ƙugu da cinya. Hannun da ke ɓangaren gangara shi ke sarrafawa, ɗayan yana riƙe da ragowar. Kada ka naɗe ta a hannu ko a jiki, ko kusa. In na gaba ya faɗi, igiyar da ka naɗe za ta fizge ka, ku tafi ku uku. Kada ta yi sako-sako har ta ja ƙasa ka taka, kada kuma ta yi tauri har ka riƙa ja da na gaba. Matsayinka kullum a sama da wutsiya. Idan ana ratsa hanya, ka tsaya ta saman wutsiyar yadda in ta zame igiyarka za ta tare. Wajen sauya fuska, ba a yi tare: na gaba ya yi ya daidaita, sannan kai ka yi, don a kowane lokaci a samu mutum ɗaya da kaifinsa ke kafe. Mai sinobod a igiya yakan zauna a kan dunduniya ne yana kallon amalanke, ya riƙa bi da faɗuwar ganye.

Matakan sama, da yadda Faransa ke yi

Bayan ka yi aiki ka goge, za ka iya neman Senior. A nan ba mutanen dutsenka ne kaɗai za su auna ka ba, alƙalai ne daga yankin, kuma a gangara mai tsauri ake yi, har da jan amalanke mai nauyi a cikin tuddai. Makin alama uku ne: ƙari ga wanda ya zarce, daidai ga wanda ya cika ƙa'ida, ragi ga wanda ya gaza. Akwai kuma ɓangaren jagorancin wurin hatsari mai majinyata fiye da ɗaya, da wasu darussan zaɓi. Certified ya haɗa har da ilimin zaftarewar dusa, sauko da mutane daga kujerun igiya masu hawa da mutane kan dutse idan sun tsaya a sama, da tafiyar da rundunar sintiri. Kaɗan ne ke kaiwa can.

Wanda ke Faransa, tsarinsu daban ne. Aikin sana'a ce mai takardar gwamnati mai daraja uku. Sai ka kai shekara 18, kana da shaidun taimakon gaggawa PSE1 da PSE2, da lambar tsere ta flèche de vermeil, sannan ka shiga gwajin saukowa a wajen hanya, a dusar da ba a taɓa daddalewa ba, inda ake neman aƙalla maki 12 cikin 20 kafin a karɓe ka horo. A Kanada kuwa akwai Canadian Ski Patrol, wadda Dokta Douglas Firth ya kafa a farkon shekarun 1940, da nata karatun.

Tsara shekararka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin sanyi na farko, ka tara kwanaki a kan dusa, ka biya malami ko da sau biyu ne ya gyara maka tsayuwa, ka je ranar gwajin farko a ƙarshensa. Karatun OEC yawanci a bazara ko kaka ake yinsa, yana cin watanni, don haka ka shirya da iyali da wurin aiki. A watannin nan ka gina cinya da ƙugu: tsuguno, hawan bene, keke, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Idan dusa ta sauka a Disamba sai horon amalanke, gwaji kuma wajen ƙarshen lokacin.

Takalmi ya fi siki muhimmanci. In ƙafarka tana yawo a ciki, umarnin da gwiwa ta bayar ba zai isa kaifi ba. Kai shi wurin mai gyaran takalmin zamiya, ka sa safa ɗaya siririya, ka wasa kaifi kwana biyu kafin gwaji ka gwada shi. Ka kula da yatsu da kunne da hanci, domin a fatarmu alamar daskarewa ba ta saurin bayyana ga ido, mutuwar wurin za ka fara ji. A shekarun nan kuma azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, daidai lokacin gwaje-gwaje. Iskar dutse busasshiya ce, tana shanye ruwan jiki ba ka sani ba, musamman a wurare irin Breckenridge a Kolorado da gindinsu ma ya kusa mita 3,000. Ka sha ruwa sosai da sahur, ka gaya wa malaminka tun da wuri, in akwai zaɓin rana ka zaɓa da wannan a ranka.

Ranar gwaji ka iso da wuri, ka sauka hanyar sau biyu ka ga yadda dusar ranar take, tunda ta safe da ta azahar ba ɗaya ba ce. In ba ka fahimci umarni ba, ka tambaya kafin ka motsa. In ka ci, za a ba ka riga da rediyo da ranakun aikinka, kuma kowace kaka za ka dawo bitar OEC, wadda ke zagaye karatun duka cikin shekara uku, da bitar amalanke idan dusa ta sauka. Aikin farko da akan ba sabon shiga shi ne sharar yamma: bayan an tsayar da kujerun igiya, kowa ya ɗauki hanya ɗaya ya sauka a hankali, yana tsayawa yana kira, yana leƙa gindin bishiyoyi, har ya isa ƙasa ya sanar ta rediyo cewa ba a bar kowa a hanyarsa ba.